Katangar Gabas Ta Zube

Ƙofar Guga, Katsina.

Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Na san na yi shiru, har ka turo ƙanenka ya leƙa ko ina da rai. Ina nan. Maganar filin nan na hanyar Batsari da ka ce in bincika maka tana raina, zan zo kanta a wata wasiƙar, amma bari in fara sauke abin da ya hana ni barci.

Katangar gabas ta gidanmu ta zube a markar Agusta, wadda muke haurawa idan Baba ya rufe zaure. Allah ya taƙaita, ba kowa a wurin sai akuyar Gwaggo, ita ma ta sha. Soron Baba kuma ya fara yoyo ta kusurwa, Inna ta jera robobi a ƙasa.

Ka san ruwanmu daga gabas yake bugowa, shi ya sa kullum wannan ɓangaren ke fara jin jiki. Amma ba ruwan ne kaɗai ya kayar da ita ba. Ka tuna shekarun baya Yaya ya kawo wani birkila ya shafe ta da siminti, wai a huta da yaɓe duk shekara? To simintin ya tsattsage, ruwa ya riƙa shiga ta tsagar, ba hanyar fita. Ƙasa kuwa tana son ta sha ta bushe. Daga waje katanga fes, ciki ta zama kunu. Ranar da ta faɗi, filastar ta ɓalle faifai guda, da kusoshin da birkilan ya kafa don ta kama.

Yanzu gida ya rabu biyu. Yaya ya ce a rushe duka a sa bulo da kwano, a wuce wurin. Inna ta ce ita ba za ta kwana ƙarƙashin kwano a zafin Afrilu ba, in an matsa mata ta koma Daura wajen 'yan'uwanta. Ni ina bayan Inna, ba don tsohuwa ce ba. Ka shiga soron nan da azahar ka ji sanyinsa ba fanka ba wuta, sannan ka shiga ɗakina na bulo. Ga kuma kuɗin siminti, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ko tifar yashi sai ka yi shawara da aljihunka.

Sai dai neman magini! Birkiloli ga su nan birjik, kafinta da mai wayarin da mai gyaran famfo duk kira ɗaya ne. Amma wanda ya san ginin ƙasa, wanda zai hau soro ya gane azarar da ta gaji, sai ka yi ta cigiya. Wani yaro ya zo ya ce ya iya, na nuna masa ɗaurin gugan zaure na ce ya faɗa mini yadda aka ɗaure bakan, sai ya ce ai a zuba rufin kankare kawai. Na ba shi kuɗin mota. Kai ma da digirinka na Zariya ban ga alamar za ka amsa ba, ko da yake kana cika baki da masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina can, sai ka ce kai ka miƙa masa tubali.

A ƙarshe liman ne ya haɗa ni da wani dattijo, gadon gini ne a gidansu. Bai tambayi kuɗi ba da ya zo. Ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango da sanda yana saurare, ya durƙusa ya kankare gindin katanga inda gishiri ya ci, ya hau sama ya tarar indararo biyu sun toshe da ƙasa da ledoji, ruwa yana kwanciya bayan rawanin soron. Ya ce yoyon daga nan yake, soron kansa lafiya lau. Azara uku kawai ya ce a canza, kuma ta giginya namiji, don ita gara ba ta cika damunta ba. Ya nuna mini dalilin da ba a barin azara ta wuce kamar ƙafa shida ba tare da an tallafe ta ba, abin da ya sa magabata suke jera ta hawa-hawa daga kusurwa.

Ya ce ba zai taɓa katangar ba sai ruwa ya ɗauke. Za a kawo jar ƙasa a kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ana sake tattakawa, a yi tubali su bushe sarai, a ɗora layi-layi, gindi da kauri sama ta sirance. Yaɓen kuma da makuba, ta ɓawon ɗorawa. Saman soron laso yake so ya yi, kuma nan gizo ke saƙar: sai an samo katsi daga marina, da gashin awaki daga majema, da dafara, tsiron nan mai yauƙi. Ina marina yanzu? Ya ce in ta kama a aika Ƙofar Mata a Kano. Na tambaye shi masu taya shi, ya ce 'ya'yansa duk Keke suke ja, jikansa guda ne ke bin sa, shi ma sai ranar da ba makaranta. Yaya ya ji haka ya ce, to in tsohon ya kwanta dama wa zai yi yaɓen baɗi? Gaskiya ban da amsa. Na dai ce masa Hasumiyar Gobarau ma da ƙasa aka yi ta, ga ta nan tsaye. Ya ce Gobarau gwamnati ke gyara ta, mu wa ke gyara mana?

Af, mutuminka na teburin mai shayi zai ƙara aure bayan Sallah. E, ita ɗin dai. Ya ce ko ka zo ko ya bayyana labarin keken nan a gaban Madam. Kawu ya dawo daga Umara da sabon haƙori, yanzu dariya yake ko ba a ce komai ba.

Abin da nake so da kai, ka kira Yaya. Maganarka yake ji tunda kana sa hular kwano a wurin aiki. Kada ka ce na sa ka. Ka ce masa a gwada katangar gabas ɗin kawai a bana, in ba ta yi ba sai a yi tasa. Dattijon ya ce in ba shi amsa kafin kaka, don wasu mutanen Rafin Daɗi ma suna jiransa.

Inna tana gaishe ka, ta ce yajinka na nan sai an sami mai zuwa. Ka shafa mini kan yara.

Naka,
Na Ƙofar Guga