A Daina Fara Gyara Daga Sukurun Famfo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu tsofaffin motoci da 'yan'uwana makanikai, a kan wata ɓarna da na gaji da gani. Na fi shekara talatin ina kwanciya ƙarƙashin mota, kuma wadda hannuna ya fi sabawa da ita ita ce Mercedes 280 SE, mai silinda shida, lita 2.8, wadda ke shan fetur ta famfon Bosch. Ba ta da kafireta, ba ta da kwamfuta. Ƙarfe ne zalla ke auna mata mai.

Kwanakin baya wani matashi ya kawo mini irinta, ƙirar 1969, gadon mahaifinsa. Baƙin hayaƙi na tuƙuƙi daga salansa, fulogi shida duk sun yi baƙi ƙirin kamar an tsoma su a toka, ga mai tana sha ba ji ba gani. Na zaro sandar auna baƙin mai na sunsuna, sai warin fetur. Ya ce mini gareji uku ya zaga, kuma kowanne abu ɗaya ya yi: ya zura hannu bayan famfo ya murɗa sukurun silo, wato sukurun da ke daidaita man da inji ke sha yana aiki ba a taka totur ba. Na ukun har ya ba shi shawarar a tumɓuke famfon a ɗora kafireta a huta. Wallahi sai da raina ya ɓaci, don famfon nan lafiyarsa ƙalau, kuma wanda ya cire shi ya cire abin da ya sa motar ta zama ita.

Abin da nake so a gane shi ne, famfon nan makaho ne. Ba ya ganin iskar da ke shiga inji. A cikinsa akwai ƙananan fistin shida, kowanne da silindarsa, da wata sanda mai haƙora da ke juya su gaba ɗaya, juyawar ce ke ƙara mai ko rage shi. Abin da ke tura sandar kuwa labari ne da ake kawo masa: nawa direba ya taka totur, da saurin juyin inji. Sai gyara biyu a kai, ɗaya na zafin ruwan inji, ɗaya na nauyin iska, don iskar kan dutse ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Daga nan yake ƙiyasta iskar da ta shiga, ya ba ta rabonta na mai. Wato ya yarda ne cewa injin lafiya yake. In bawul ba ya zama daidai, ko tiyo ya tsage yana satar iska, ko tayimin ya goce, famfo bai sani ba, zai ci gaba da zuba abin da aka koya masa. Mai gyara kuma ya ga hayaƙi ya ɗora masa laifi.

Don haka ban taɓa sukurun ba sai a rana ta biyu. Na fara da gibin bawul da matsin silinda, na duba kwantak da tayimin, na canza matatar iska da ta mai. Na auna famfon lantarki da ke turo fetur daga tanki, wanda ya kamata ya cika lita ɗaya cikin daƙiƙa 15, ya cika. Sannan na bar injin ya yi zafi sosai, na kara kunne a wata 'yar matatar iska da ke jikin famfo. Idan inji na da sanyi, wurin nan yana zuƙar ƙarin iska, famfo kuma yana ƙara mai. Da ruwa ya yi zafi, dole ya rufe ya yi tsit. Wannan kuwa sai huci yake yi. Na ɗora yatsa na ji yana tsotsa. Ga ɓarawon. Na'urar zafin ta maƙale, motar na ta tafiya da rabon man asuba har tsakar rana. Na kwance ta, na wanke tsatsar da ta riƙe ta, na canza abin jin zafin. Bawul ɗin tashin sanyi ma, mai feso ƙarin mai lokacin tayar da inji, na same shi yana ɗiga a hankali ko da an gama tayarwa.

Su waɗancan ukun, da suka ga mai ya yi yawa, sai suka yi ta rage shi ta sukuru. Da na kama ainihin cutar, motar ta koma ƙishirwa, tana tari tana neman mutuwa a silo. Yanzu ne aikin sukuru ya zo.

Kafin nan akwai sandar da ta haɗa totur da hannun famfo. A wannan injin tsawonta milimita 233 ne daga tsakiyar kai zuwa tsakiyar kai, kuma dole bakin iska, wato ƙofar da totur ke buɗe wa iska, da hannun famfo su bar mazauninsu lokaci guda. Da ita nake yin gwajin da maigidana ya koya mini, Allah Ya jiƙansa. Ka ɓalle sandar yayin da inji ke silo, ka buɗe bakin iska kaɗan shi kaɗai. In inji ya ɗaga murya sosai, mai ya yi masa yawa, iska yake nema. In kuma ka tura hannun famfo shi kaɗai inji ya ɗaga murya, to mai ne ya yi masa kaɗan. Kunne da yatsa biyu sun ishe ka sanin inda ka dosa.

Shi sukurun, don girman Allah, a kashe inji kafin a taɓa shi. Ana danna shi ciki ne ya kama wani abu da ke juyawa tare da famfo, wanda ya danna inji na aiki zai lalata shi. Ka kashe, ka danna, ka murɗa ƙyas ɗaya ko biyu, dama ƙari, hagu ragi. Ka rubuta a takarda. Ka tayar, ka ɗan taka totur ya share maƙogwaro, ka auna, ka sake kashewa. Aiki ne na haƙuri. Kuma silo da ƙaramin gudu kawai yake gyarawa. Sukurorin da ke cikin murfi, na matsakaici da babban gudu, na masu teburin gwajin famfo ne, ni kaina ba na shiga wurin da ka.

Kunne yana nuna hanya, amma na'urar auna hayaƙi ce ke yanke hukunci. Fetur na ƙonewa tsaf idan an haɗa kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na mai bisa nauyi, a cikakken totur kuma inji ya fi son wajen 12.5 zuwa 13. A silo, wannan tsohon injin yana son iskar CO, wato iskar gubar da ke cikin hayaƙin salansa, kusan kashi 4 cikin ɗari. A nan yaranmu da suka taso da motocin zamani ke kuskure. Sun saba ganin ƙasa da kashi ɗaya, sai su yi ta matse mai har inji ya riƙa zafi yana ƙwanƙwasa, ƙarshenta bawul ya ƙone. Yawan mai ma ba alheri ba ne, yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ringi ya cinye.

Ba Mercedes kaɗai ke da irin wannan tsari ba. Peugeot 404 da 504 masu injekta da BMW 2002 tii famfon Kugelfischer suke ɗauke da shi, Porsche 911 ta ɗauki na Bosch daga 1969, Alfa Romeo na da SPICA, Triumph TR6 na da Lucas. Kowanne da littafinsa da lambobinsa, kada a ɗauki awon wannan a kai wa wancan.

Da muka gama, na zubar da baƙin man da fetur ya gurɓata na zuba sabo, na sa matashin ya yi tafiya mai nisa ya dawo. Muka kwance fulogi na ɗaya da na shida, duka biyun sun fito ruwan ƙasa-ƙasa, a bushe. Na rubuta masa adadin ƙyas ɗin da na murɗa, da awon hayaƙi, da kwanan wata, na ce ya ajiye takardar a aljihun mota, ya nuna wa duk wanda zai buɗe bonet ɗin nan bayana.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon bakanike