Amsa ga Baba maƙerin azurfa na Tawa

Baba, barka da aiki, ya iyali?

Ranar da aka gayyace ni gidan rediyo a nan Yamai, ka bugo waya ka ce: wai da gaske azurfa na sa a gane ƙwayar sinadari guda ɗaya tak, ko kuwa zancen ƴan boko ne? Lokaci ya ƙare ban amsa ba.

Da gaske ne. Sai dai azurfar da ka goge har mutum na ganin fuskarsa ba ta yin wannan aiki. Mai kaushi ake so.

A 1928, a Kalkata ta Indiya, wani masanin kimiyya mai suna Raman ya gano cewa in haske ya faɗa kan abu, ɗan kaɗan daga cikinsa kan dawo da launin da ya sauya, saboda ƙwayoyin abin suna kaɗawa, kowane iri da nasa kiɗan. Kai ma kakan buga awarwaro a kan uwar maƙera, daga ƙararsa ka san ko an yi masa gauraye. Matsalar ita ce hasken da ke sauyawa bai wuce kamar ɗaya cikin miliyan 10 ba, raɗa ce a tsakiyar kasuwa.

A 1974 wani masani mai suna Fleischmann da abokansa a Ingila suka ɗora wani sinadari kan azurfar da aka kausasa, sai raɗar ta koma ihu. A 1977 aka gane ƙarfen ne ke tattara hasken lazer, wato siririn haske mai ƙarfi da ake haska sinadarin da shi. Inda ya fi taruwa shi ne ɗan tsagin da ke tsakanin ƙurar azurfa biyu da suka kusa haɗewa. Ƙwayar da ta faɗa can, alamarta kan ninku sau miliyoyi masu yawa. A 1997 tawaga biyu a Amurka suka ba da sanarwar kama ƙwaya guda. Ɗaya tawagar ma da shunayyar nan ta yi aiki, wadda ake shafa wa yara a kan ƙuraje.

Amma kada in cika maka baki, Baba. Alamar kan haska ta ɗauke, ta kuma dawowa, kamar fitilar da batirinta ya kusa ƙarewa, kuma an yi shekaru ana musu ko ɗaya ce ake gani ko da yawa. Sannan mafi yawan ƙwayoyin nesa da tsagin suke sauka, ba a jin ɗuriyarsu. A ganina nan wuyar aikin take: a ƙera tsagi iri ɗaya kullum, a kuma sa ƙwayar ta zauna a ciki. Wannan kam kusan sana'arku ce.

Ɗanka, malamin kimiyya a Yamai.