Kafin a sayo keken guragu, a tambayi masu jinya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu in yi magana kan yadda ake tsara taimakon naƙasassu da tsofaffi marasa lafiya a nan Gombe ba tare da an ji ta bakinsu ba, balle ta bakin masu ɗawainiya da su dare da rana.

Doka dai akwai ta. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya. Ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ce a fara sallamarsu a layi, ta kuma ba gine-ginen hukuma wa'adin shekara 5 su yi hanyar da keken guragu zai hau, wa'adin da ya cika tun Janairun 2024. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu da Nijeriya ta amince da ita a 2010 ma cewa ta yi a tuntuɓe su kafin a yi musu doka ko tsari. To amma wa ake tuntuɓa? Akan gayyaci shugabannin ƙungiya, da sarkin makafi, da sarkin guragu, kuma suna ƙoƙari, Allah ya saka musu. Sai dai su masu iya fitowa ne. Tsohuwar da ke kwance a ƙuryar ɗaki ba ta da sarki, haka mai taɓin hankali, haka yaron da aka haifa ba ya iya riƙe wuyansa.

Innata hawan jini ne ya jawo mata shanyewar ɓarin jiki, ni nake jinyarta. An taɓa yin taron rabon kaya aka ba mu keke, mun kuma gode. Amma ƙofar ɗakinta ba ta kai faɗin keken ba, lungunmu kuma yashi ne da kwata, tayar ko juyawa ba ta yi. Yana nan jingine a zaure. Da an tambaye ni, famfas zan ce, da ledar shimfiɗa, da maganin hawan jinin da bai kamata ya yanke ba. Zan kuma ce kuɗin zuwa gashin ƙashi, don Inna ba ta iya zama a Keke Napep da sauran fasinja, sai mun ɗauki shata ina rungume da ita, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 shatar ta fi ƙarfinmu. Abin da ya fi ba ni tsoro gyambon kwanciya ne. Duk bayan awa biyu sai an juya ta, har cikin dare, a share ta, a duba ƙugu da diddige ko fatar ta fara ja. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta nuna mini wannan don Allah, ba don wani tsari ya tanada ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba ƙorafin jinyar uwa nake yi ba, aljannata nake nema. Amma keken ɗinkina ya yi ƙura, kuma na san gidajen da aka cire yarinya daga makaranta don ta zauna da kaka. A Ingila dokar 2014 ta ba mai jinya haƙƙin a zauna da shi a duba nasa buƙatun daban da na majinyacin. Mu a nan ko a lissafi ba a sa mu.

Roƙona ga majalisar dokokin jiha, da ma'aikatar da ke kula da jin daɗin jama'a, da hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato GoHealth, shi ne a sauko da zaman jin ra'ayi daga ɗakunan taron otal zuwa mazaɓu, a dukkan ƙananan hukumomi 11, tun daga Nafada har Shongom. A yi shi da Hausa da Fulatanci da Tangale da Tera, a kawo mai yi wa kurame bayani da hannu. Matan da ba za su iya barin majinyaci ba, a bi su gida. Tunda ma'aikatan rigakafi na shiga gida-gida, wannan ma mai yiwuwa ne. A kuma ba naƙasasshe ɗaya da mai jinya ɗaya kujera a kwamitin ci gaban kowace mazaɓa, kujerar da ke da ƙuri'a, ba ta ɗaukar hoto ba.

A yi wannan zama kafin a kai kasafin kuɗin baɗi gaban majalisa, sannan a dawo a faɗa mana abin da aka ɗauka cikin maganarmu da wanda aka bari, da dalili.

Wassalam.

Wata mai jinya,
Unguwar Bolari, Gombe