Wasiƙa Daga Gadarif: A Saurari Aikin Matasanmu Masu Kiɗan Fiyano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida mai albarka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɓangare na rayuwar Hausawan Sudan da ba a cika waiwayarsa a jaridun ƙasar Hausa ba. Mu da ke zaune a nan mun lura sunanmu ba ya fitowa a labarai sai in jini ya zuba, kamar yadda ya faru a watan Yulin 2022 lokacin rikicin jihar Nilul Azrak, da kuma tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023. Labaran gaskiya ne, muna kuma godiya ga waɗanda suka kawo su. Sai dai mutanen da ake ba da labarin mutuwarsu da gudun hijirarsu suna da sana'o'i da bukukuwa da waƙoƙi, kuma a cikinsu akwai matasa masu fasaha da ke riƙe da wani aiki mai daraja wanda zai iya salwanta idan ba a kula ba.

Kakanninmu sun daɗe a wannan ƙasa. Wasu hanyar hajji ta ƙasa ce ta kawo su, wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, wasu kuma aikin gonakin auduga na Jazira ne ya jawo su bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Yau muna nan a Gadarif da Kassala da Madani da Damazin da Port Sudan, 'yan ƙasa ne mu, amma harshen kakanni bai fita daga gidajenmu ba tukuna.

Saurayin da nake so in gabatar ɗan maƙwabcina ne a nan Gadarif, a gabana ya girma, kuma ba zan ambaci sunansa ba tunda bai ba ni izini ba. Sana'arsa kiɗa da fiyanon lantarki, wanda mutanen Sudan ke kira org, tare da haɗa waƙoƙi a kwamfuta. Wanda ya gan shi a wurin hafla, wato shagalin biki, kawai zai ɗauka rayuwarsa duk shagali ce, alhali kuwa bayan sallar asuba yakan wuce wata 'yar rumfa a bakin kasuwa inda yake gyaran wayoyi har azahar, domin kuɗin kiɗa ba su riƙe gida. Harkar biki a Gadarif tana bin amfanin gona ne. In an yanke riɗi da dawa, aka kai su kasuwa, manoma da 'yan ƙwadago suka sami kuɗi, sai aure ya yawaita, shi ma ya riƙa samun gayyata a jere; in damina ta kama kowa ya tafi gona, fiyanon yakan daɗe a lulluɓe da zane saboda ƙura. Ko a lokacin da ake samu, abin da aka biya ba nasa ba ne shi kaɗai, sai an fitar da na mawaƙi da 'yan amshi da mai hayar sifiku da mai rakasha, wato babur mai ƙafa uku, da ta ɗauko kaya, kuma tun da takardun kuɗi suka yi wuya, yawanci ta manhajar Bankak ake turowa, wani lokaci bayan kwanaki.

Yaƙi ya sauya masa komai. Allah ya kiyaye garin Gadarif daga faɗawa hannun mayaƙa, amma bayan da aka kama Madani a watan Disamban 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, jama'a sun kwararo mana har makarantu suka zama masauki. Dokar hana fitar dare ta mayar da bukukuwa na yamma, wasu iyalai kuma suka daina kiran makaɗa gaba ɗaya saboda kunyar maƙwabtan da ke cikin makoki. Wutar lantarki ta ƙara taɓarɓarewa a 2025 lokacin da jirage marasa matuƙa suka riƙa kai hari kan tashoshin wuta, har da ta madatsar Marawi, saboda haka yanzu da batirin mota da farantin hasken rana guda ɗaya yake aiki, yana lissafin abin da zai gama kafin cajin ya ƙare. A cikin 'yan gudun hijirar akwai makaɗan Khartum masu salon zanig, kiɗan nan mai sauri da ya fito daga unguwannin talakawa na gefen birni. Sun rage masa kasuwa, amma ya zauna da su ya koyi abin da suka fi shi, su ma suka ɗauki wasu kaɗe-kaɗen Hausa daga wurinsa.

Mutane da yawa suna zaton mai fiyano maɓalli kawai yake dannawa kiɗa ya fito, kuma wannan zato ne nake so in gyara. Kamfanoni irin su Yamaha da Korg suna ƙera waɗannan na'urori ɗauke da kaɗe-kaɗen Turawa, wasu samfuran kuma da na Masar da Turkiyya da ƙasashen Larabawa na gabas. Wanda yake son na'urar ta yi kiɗan tumtum ko sira ko mardum yadda ake takawa a bikin Sudan, dole ya gina kiɗan da kansa bugu bayan bugu, ko ya karɓo a filashi daga wani makaɗin da ya riga shi. Na Hausa kuwa babu wurin karɓowa a nan. Kalangu ne ya fi ba shi wahala, domin makaɗi tsarkiya yake matsawa a hammata muryar gangar ta hau ko ta sauka, ta bi karin maganar Hausa har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi ba tare da an buɗe baki ba, ita kuwa na'ura murya ɗaya tak take bayarwa a kowane maɓalli. Abin da ya yi shi ne ya nemo wani tsohon makaɗin mahauta, ya biya shi, ya ɗauki sautin kowane bugu daban, na matse da na sake da na tsakani, ya jera su a kan maɓallan, sannan ya riƙa jan muryar da wani ɗan abin murzawa da ke gefen hagu na fiyanon. Ya yi watanni yana gyara kafin tsohon ya saurara ya ce masa, "To, ɗana, yanzu ta fara magana." Abin da ya sauƙaƙa masa haɗin shi ne kiɗan tsakiyar Sudan a kan muryoyi biyar yake tafiya, kamar yawancin waƙoƙinmu na gargajiya, shi ya sa waƙar Hausa take zama daram a kan kiɗan Sudan, kuma ina jin shi ya sa mawaƙa irin su marigayi Muhammad Wardi suka sami masoya har ƙasar Hausa.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani aiki da ya sa kansa wanda babu mai biyansa. Yana bin tsofaffin mata na unguwannin Hausawa, a Gadarif da ƙauyukan kewaye, yana ɗaukar waƙoƙin niƙa da na daɓe da na gaɗa da na renon yara. Injin niƙa ya kashe dutse, siminti ya kashe daɓe, saboda haka waƙoƙin sun rasa wurin da ake rera su, sun rage a kan 'yan tsirarun tsofaffi. Na saurari wasu daga ciki, kuma na ji Hausar da ban ƙara ji ba tun rasuwar kakata. Ana ambaton Sakkwato da Katsina da Haɗeja da Damagaram a bakin matan da ba su taɓa ganin waɗannan garuruwa ba, ana kuma jero zangunan tsohuwar hanyar hajji, daga Abeshe zuwa Jinaina zuwa Fashir da Ubayyid har Sawakin a bakin teku. Akwai waƙar da wata tsohuwa ta gada daga uwarta, ta matar da aka bari a zango da ciki ayari ya wuce, wadda na tabbata duk mai nazarin tarihin hijirar Hausawa zai so ya ji ta. Yakan kuma roƙi mata su yi masa lugude da taɓare a turmi ya ɗauka, sannan ya mayar da shi ƙashin bayan sabon kiɗa, ya ɗora baitocin Larabci da amshin Hausa a kai. Na ga yaran da suke amsa wa iyayensu da Larabci in an yi musu Hausa suna rera wannan amshi a kan hanya, har suna zuwa suna tambayar ma'anarsa.

Yadda yake tafiyar da aikin ya burge ni fiye da aikin kansa. Ba ya shiga gida sai da sallama da yardar masu gida, yakan tafi da sukari da gahawa, ya zauna a sha jabana, wato gahawar Sudan, kafin ya fito da makirfo. Yana kuma tambayar kowace tsohuwa abin da ta yarda a yi da muryarta. Akwai wadda ta ce a adana wa jikoki amma kada a sa ta a wurin rawa, kuma ya cika alkawari, ya ware irin waɗannan daban, ba ya taɓa su a hafla.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, domin a nan ma ana faɗa. A al'adarmu ana ɗaukar kiɗa a matsayin roƙo, kuma dangin mahaifinsa ba su ji daɗin sana'ar ba. Hukuncin kiɗa a addini magana ce ta malamai, na bar musu ita cikin girmamawa. Ni kaina ba na goyon bayan kalaman batsa da ke cikin wasu waƙoƙin zanig, ko ƙarar sifikun da ke hana marar lafiya barci, kuma na sha faɗa masa haka, yakan ce, "Na ji, Baba," ya kuma gyara abin da yake hannunsa. Akwai wata asara ta gaske da ba zan ɓoye ba: mutum ɗaya da fiyano yana maye gurbin makaɗa huɗu ko biyar, kuma masu kalangu da ganga sun rasa abinci ta wannan hanya, kamar yadda nake jin ya faru a Kano tun da kiɗan fiyano ya mamaye finafinan Hausa. Duk da haka ina tunatar da mu cewa Aisha al-Falatiya, 'yar jininmu, wadda ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman a 1942, ta sha irin wannan tsangwama har daga gidansu, amma tun kafin rasuwarta a 1974 Sudan gaba ɗaya take alfahari da ita. Bai kamata mu sake jira sai wasu sun yaba namu sannan mu gane darajarsa ba. A 2023 wani kamfanin Amurka mai suna Ostinato Records ya fitar da faifan Jantra, mai fiyano daga yankin Fashaga a wannan jiha tamu, duniya ta saurara, alhali a da iyakarsa bukukuwan kan iyaka.

Damuwata a yanzu ita ce duk waɗannan muryoyi suna cikin tsohuwar kwamfuta guda ɗaya da 'yan katunan memori a ɗakin da ke yoyo da damina. Mun ga abin da ya sami manyan ma'ajiyoyin ƙasar nan: an wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum, ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda ake ajiye tsofaffin waƙoƙin Sudan, ya zama fagen fama har zuwa watan Maris na 2024. Idan hukuma ba ta iya tsare nata ba, ina ga saurayin da ke gyaran waya a bakin kasuwa? Wasu daga cikin tsofaffin da ya ɗauka sun riga sun rasu, babu kuma inda za a sake samun abin da suka rera.

Saboda haka roƙona, Edita, ba na kuɗi ba ne. Ina kira ga malaman sashen Hausa da Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, da Gidan Arewa na Kaduna, da takwarorinsu na Sakkwato da Yamai, su duba yiwuwar karɓar kwafin waɗannan waƙoƙi su adana, bisa sharuɗɗan da masu muryoyin suka gindaya, da sunan wanda ya tattara su. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya daɗe da nuna cewa Hausar Sudan abin nazari ce, kuma ga ta nan a bakin masu ita. Ina kuma kira ga gidajen rediyon Kano da Kaduna da Damagaram da Maraɗi su ware ko da ɗan lokaci ne a shirye-shiryensu domin sabbin waƙoƙin Hausawan Sudan, su kuma ambaci sunayen masu su in sun sa. Masu haɗa kiɗa a sitidiyoyin Kano za su iya taimaka masa da sautukan kotso da taushi da shantu, waɗanda babu mai kaɗa su a yankinmu yanzu, shi kuma yana da sautin gangar daluka da kiɗan tumtum da zai ba su. Duk wanda yake da niyya ya sanar ta wannan jarida, ni zan isar da saƙon ga saurayin da iyayensa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ɗaukaka wannan jarida, ya kuma kawo wa Sudan zaman lafiya.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku,
Gadarif, Sudan.