Lambar Laftanar Wright da sunayen da aka bari a Kwatarkwashi

Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na tarihi a kan zuwan Turawa, na kuma ji daɗinsa. Sai dai kun tsallake Kwatarkwashi, kuka tashi daga faɗuwar Kano a ranar 3 ga Fabrairun 1903 kuka dira Sakkwato. Ni da nake bi ta gindin dutsen Kwatarkwashi duk lokacin da zan shiga Gusau, abin ya tsaya mini a rai.

A can ne wani matashin hafsan Ingila, Laftanar Wallace Wright, ya ci lambar Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita a lambobin jarumta na sojan Birtaniya. Wani ɗan ƙarfen tagulla ne, ko tafin hannu bai cika ba, amma janar-janar da yawa sun mutu ba su rataya shi ba.

An haifi Wright a Jibiralta a 1875. Ya fara shaƙar hayaƙin albarushi a iyakar Indiya ta arewa maso yamma, a yaƙoƙin Malakand da Tirah na 1897 zuwa 1898, kafin a turo shi rundunar Lugard. A ƙarshen Fabrairun 1903 ya yi kiciɓis da dakarun Kano da ke dawowa daga Sakkwato. Sarkin Kano Alu ya riga ya rabu da rundunar, Waziri Ahmadu ne ke gaba. Takardar yabon da gwamnatin Ingila ta fitar ta ce Wright da hafsa ɗaya da soja 44 sun tare barade 1,000 da dakaru 2,000 har tsawon awa biyu. Lissafin nasu ne, kuma wanda ya ci yaƙi shi ke riƙe da alƙalami.

Daga nan likafa ta yi ta ci gaba. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kai Birgediya Janar, ya ƙara lambobin yabo na Birtaniya da ake kira CB da CMG da DSO, ya zama ɗan majalisar dokokin Birtaniya mai wakiltar mazaɓar Tavistock daga 1928 zuwa 1931, ya rasu a 1953.

Ba na musun ƙarfin halinsa. Tsayuwa a gaban dawakai masu sukuwa ba aikin rago ba ne. Amma Edita, su wane ne 44 ɗin nan? Baƙar fata ne, 'yan ƙasar nan, da yawansu Hausa suke ji. Su suka ja daga, suka yi ta ɗana kunama har bindiga ta yi zafi. A takardar yabon ba a ambaci sunan ko ɗaya ba, adadi kawai aka mayar da su.

Sai kuma waɗanda ke ɗaya gefen. Mutum ya sa lifidi da sulke, ya ɗauki mashi da takobi, ya zaburi doki ya nufi bakin bindiga, ya ga na gabansa ya faɗi, ya ja da baya ya sake dawowa. Har takardar Turawan ta yarda cewa ba watsewa suka yi ba, a tsare suka janye. Waziri Ahmadu a wannan fili ya kwanta dama, shi ya sa Kanawa ke ce masa Mai Shahada. Na tambayi ɗana da ke aji biyar na sakandare ko ya san shi, ya ce ko ɗan siyasa ne.

Don Allah ku ware wa Kwatarkwashi shiri guda. Ku karanto takardar Wright yadda take, sannan ku tura wakilinku ya zauna da dattawan garin da masana tarihin fadar Kano, mu ji abin da kakanninsu suka faɗa musu.

Naku mai sauraro,
daga Gusau