Zuwa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan bashin karatun maigidanta

Assalamu alaikum Hajiya, ya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

A taron jama'armu na Bronx kin tambaye ni a gaban mutane: Alhaji ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ya iya aiki, in gwamnatin Amurka ta yafe masa bashin karatu, shin IRS, hukumar haraji ta tarayya, za ta biyo ku da haraji? Lokaci ya ƙure ranar, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Tsoronki yana da tushe. A dokar ƙasar nan, bashin da aka yafe maka kamar kuɗin shiga ne. Kafin 2018 mutum yana kwance sai takardar 1099-C, mai nuna bashin da aka yafe masa, ta iso, a lissafa masa haraji kan kuɗin da bai taɓa riƙewa a hannu ba. An yi wani tsohon soja a Michigan da aka yafe wa sama da dala dubu 200, sai ga harajin kusan dubu 60. An fitar da shi daga rijiya an tura shi rami.

Dokar haraji ta Disamba 2017 ce ta cire wannan ga wanda aka yafe wa saboda mutuwa ko naƙasa ta dindindin, zuwa ƙarshen 2025. A watan Yulin 2025 kuma aka mayar da ita ta har abada. Saboda haka in an yafe wa Alhaji saboda naƙasa, gwamnatin tarayya ba za ta bi shi harajin ko sisi ba.

Amma ki kula da ƙofar da za ku bi. Yafiyar da ake samu bayan shekara 20 ko 25 ana biya daidai da samu, haraji ya dawo kanta daga 2026. Kada ku zauna jiran waccan. Ku cike takardar naƙasa, wadda suke kira TPD, da shaidar likitansa ko ta hukumar Social Security. In an amince, ku adana wasiƙar, kuma kada ya sake cin bashin karatu na tarayya cikin shekara 3, don tsohon zai iya dawowa.

Saura jiha. Kowace da dokarta, wasu ba sa bin ta tarayya, kuma na ji kina cewa kuna shirin komawa wajen 'yarku. Kafin ku ɗaure kaya ki nuna wa mai cike muku haraji wasiƙar, ya duba dokar can.

Ki gaishe min da Alhaji.