Zuwa ga ɗana da ke Landan

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta ce tun da wani ɗan jarida ya caccaki wasan da kuka sa a dandamali ko abinci ba ka ci sosai, har kana cewa za ka ajiye alƙalami. To, saurara.

A garin nan da kake zaune, a 1958, aka sa wasan Harold Pinter mai suna The Birthday Party a gidan wasan Lyric da ke Hammersmith. Masu sharhi suka ce wasan ba kai ba gindi. Sau 8 aka yi shi aka tattara kaya. Harold Hobson na jaridar Sunday Times ne ya tsaya masa, sai dai yabonsa ya fito ranar Lahadi, wasan kuwa an rufe shi tun Asabar. Ihu bayan hari ke nan. Pinter ɗin ne ya karɓi lambar Nobel a 2005.

Na Sarah Kane ya fi ciwo. A 1995 aka sa wasanta Blasted a ɗan ɗakin saman gidan wasan Royal Court, gidan da Wole Soyinka ya taɓa aikin karanta wasanni yana saurayi. Jaridu suka yi mata rubdugu saboda fyaɗe da ta'asar da ke ciki, ba su tsaya sun ga yaƙin Bosniya take nuna musu ba. Daga baya Michael Billington na jaridar Guardian ya fito ya ce bai yi mata adalci ba. Ta rasu a 1999 tana da shekara 28, aka sake sa wasan a 2001 ana ta yabo.

Amma kada ka ɗauka duk wanda aka zaga Pinter ne. Wasanni da yawa an zage su, kuma zagin ya dace da su. Na san halinka, tun kana ƙarami ba ka son gyara.

Sake karanta sharhin bayan zuciyarka ta huce. In ya ce kashi na biyu na wasan ya cika tsawo, gobe ka zauna a kujerar baya ka kalli 'yan kallo, ba 'yan wasa ba. Inda suka fara tari da leƙen waya, nan za ka sa almakashi.

Ka turo mini sharhin in gani da idona. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka